Allon Alhaji Lukuman

"Aje allon nan, ba inda za shi," in ji Malam Attahiru daga bakin ƙofa.

Na ɗago kai daga keken ɗinkina, sai ga shi dafe da bango, ƙafafu a kumbure, mutumin da tun farkon damina bai leƙo waje ba. Alhaji Lukuman, mai shagon hatsi a kasuwar Tsafe, har ya ɗaga gefen allon sunan shagonsa zai ɗora shi a mota. Ya tsaya sororo.

Ni ce Hannatu tela. Shagona na jikin na su Malam, masu rubuta allunan shaguna, a Gusau tun ina amarya, kuma rabin zamana da Malam Attahiru faɗa ne. In shanya atamfar mutane, in kwaso ta da ɗigon jan fenti. In fito ina zazzaga masifa, shi kuwa ya ce ado ya ƙara mata, kyauta. Amma ranar da na gan shi yana haki haka, sai na bar keken na fito waje.

Allon nan tsoho ne. Mahaifin Malam, marigayi Umaru, ya fara da rubutu a jikin manyan motoci a Bungudu kafin ya dawo Gusau ya buɗe shago, kuma shi ya rubuta wa uban Alhaji Lukuman wannan allo. Da ya koɗe, Attahiru ya sabunta shi. A gidansu ba a kankare tsohon rubutu gaba ɗaya. Ana goge shi sama-sama, a shafe da fari, sabon hannu ya bi tudun da tsohon ya bari. Yanzu allon ya sake koɗewa, ciwon zuciya ya kwantar da Malam, babu mai riƙe burushi sai 'yarsa Juwairiyya. Kowa kuma ya san 'yan kasuwar Tsafe Alhaji suke kallo. In ya kai nasa wurin masu injin buga allo, sauran za su bi shi, shagon Umaru ya rufe ke nan.

"Malam, koma ka kwanta," Alhaji ya ce. "Don hannunka na kawo shi. Tunda ba ka iyawa, a buga mini na leda in huta."

"Ɗiyata za ta rubuta shi."

"Yarinya, Malam? Allon babana?"

"Wa kake zato ke aikin shagon ga tun bara? Ni ko ludayi da ƙyar nike riƙewa."

Bakina ba ya ajiya. Na ce, "Haba Alhaji, mutum ya taso daga gadon ciwo saboda kai, ko kunya ba ka ji? Ka bari zuwa kasuwa mai zuwa mana." Ya harare ni, ya dubi Malam, ya sauke allon a hankali.

Tun daga ranar Malam ya ƙi komawa ɗaki sai dare. Aka shimfiɗa masa tabarma a kan benci, aka jingina allon kusa da shi. Idonsa ya yi rauni, sai ya riƙa bin tudun rubutun da yatsa, Juwairiyya na binsa da burushi.

"Nan kakanki ya lanƙwasa, bi shi," ya ce. Yatsan ya matsa gaba. "Nan ni ne na yi gaggawa. Kada ki bi ni."

"Baba, ka shiga ka huta, na gane."

"In kin gane mi ya sa hannunki ke rawa? Sauke numfashi, sannan ki ja."

Na kai masa kunu, ya kurɓa ya ce ruwa ya yi yawa. Na ce ya tashi ya dama da kansa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuwa na koma shago na ɓoye fuska a cikin yadi na yi kukana.

Juwairiyya ta gama sunan Alhaji, saura layin ƙasa da hoton buhun masara, sai Allah ya karɓi ran Malam da hantsi, a kan bencin nan. Bayan azahar aka kai shi.

Washegari gida cike da mata masu gaisuwa, sai ga Juwairiyya ta ƙofar bayan shagona, ido jajur. "Inna Hannatu, kama mini allon mu shigo da shi nan." Wata gwaggonta ta biyo ta tana cewa uba bai huce a ƙasa ba, ana wasa da fenti. Na ce mata, "Baiwar Allah, aikin da ya tashi daga gado dominsa ne kike ce wa wasa? Koma ki zauna." Na tattare yadukan mutane gefe guda, na ba ta fili. Ta durƙusa tana ja, in hawaye ya taho ta kau da kai don kada ya ɗiga a kan fenti. Wallahi ban taɓa ganin taurin rai irin nata ba, kuma ya burge ni.

Alhaji Lukuman ya zo ta'aziyya. Da ya fito na tare shi, na ce ya shigo ya ga kayansa. Ya shigo. Ya sunkuya ya duba buhun masarar, ya ja da baya ya sake kallon sunan.

"Ke kika ƙarasa?"

"Ni ce, Alhaji."

Ya share ido da hannun riga. "Na shagona na Bilbis ma ya koɗe. Zan aiko maki da shi."

Da aka ɗora allon a saman mota, ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe shi da ita don kada igiya ta ci fentin. Muka tsaya ni da Juwairiyya a bakin shago, motar na tafiya sannu-sannu tana kauce wa ramuka, hannun Alhaji a waje ta taga yana riƙe da gefen allon.