Hannun Kaka Itto

Takardu huɗu kacal kwamfuta ta ba ni a kan haihuwar matan dutsenmu, mu ƙabilar Amazigh. Huɗu! Malamata ta ce in gangara ɗakin ƙasa na laburare in bi tsofaffin mujallun likitoci shafi-shafi, tunda na'urar ba ta san da su ba.

Ni kuwa da tawa a zuci. Kakata Itto, ungozomar ƙauyenmu, ta sha faɗa mana wata Baturiyar likita ta sa ta a littafi. Mu yi ta mata dariya, har da ni, Allah ya yafe mini. Yanzu mantuwa ta ci ƙarfinta, ko sunana ba ta riƙewa. So nake in kai mata shaida tun tana iya ganewa.

Mako uku ina ɗakin ƙasan nan a birnin Rabat. Ɗakin tsit, yana wari irin na tsohon rumbun sha'ir. Bayan azahar sai gyangyaɗi ya ɗebe ni, layukan rubutu su koma kunyoyin gona, in hango mata suna gangarowa da itace a baya, har sai tarin Si Lahsen mai kula da ɗakin ya dawo da ni. Tsokanata yake, wai ni da gara kaɗai muka san darajar littattafan nan.

Ranar wata Laraba na ɗauko mujallar 1961, shafukanta a haɗe, ba wanda ya taɓa buɗewa. Si Lahsen ya raba su da wuƙarsa ta burodi.

Ga hoto. Igiya rataye a azara, mace durƙushe ta riƙe ta, wasu hannuwa sun tallafo cikinta. Fuskar mai hannuwan ba ta fito ba, amma na san zanen nan na wuyan hannu, na Kaka ne. A ƙasa an rubuta "wata ungozoma". Wata! Raina ya ɓaci matuƙa.

Na kai wa Kaka kwafi har gida, na same ta tana shan hantsi a bakin ƙofa. Ta tambaye ni 'yar wane ce.

"Kaka, kin ga hannunki?"

Ko kallon hannun ba ta yi ba. Ta ɗora yatsa a kan mai naƙudar.

"Hadda ce, matar mai niƙa. Mace za ta haifa. Yarinya, rufe ƙofar nan, iska na shigo mata."

Na tashi na rufe.