Gatarin Saman Silin

A garin Pointe Amère kowane gida yana da gatari a saman silin. Ba doka ba ce, ba kuma wanda ya taɓa rubuta ta. Idan ruwa ya shigo gida mutum yakan hau sama, idan ruwan ya biyo shi sai ya sare rufi ya fita. Waɗanda suka hau babu gatari a ambaliyar shekarar sittin da biyar sai bayan mako biyu aka sauko da su, kuma ba da ƙafafunsu suka sauko ba.

Ranar da guguwar ta sauka, gatarin gidan tsoho Numa Falgout yana bayan kujerar akori-kurar ɗansa Clovis, da sabuwar ƙota, an wasa shi har yana ɗaukar ido. Clovis ne ya sauko da shi a watan Mayu, da ya ga gara ta cinye ƙotar, ya kai aka gyara. Aikin ɗa nagari. Mayar da shi ne kawai bai samu yi ba, wata huɗu ke nan, kuma bai gaya wa tsohon ba don gudun wa'azi.

Shekarar Clovis hamsin da uku, ashirin da shida daga ciki ya yi su ne a tashar famfo ta huɗu. Garin a kwari yake, ƙasa da teku, ganuwa ta zagaye shi, duk ruwan da ya faɗo ciki sai an ɗaga shi da inji an zubar waje. Tashar tana da manyan injunan dizal uku da mutum biyu. Su biyun aka aiko wa takarda cewa suna cikin ma'aikatan da gari ba ya iya yi sai da su, maganar da ba a taɓa gaya musu ba a ranar da ake rana. Ma'anarta kowa ya gudu arewa, su su zauna. Aka sauke musu katan ɗin ruwa da gwangwanayen jan wake, shugaban hukuma ya yi musu fatan alheri ta waya daga wani otal mai nisan mil ɗari biyu.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Mutum ɗaya yana ciki da injuna. Ɗayan yana waje a kan dandamali, igiya a ƙugu, da manjagara mai dogon hannu, yana kwashe sharar da ke taruwa a jikin ragar ƙarfen da ruwa ke bi ya shiga famfo. In ragar ta toshe, inji ya sha iska, ya yi zafi, ya mutu. Abokin aikinsa Wardell Picou ya haura sittin, kafaɗarsa ta dama ta daina ɗaguwa tun bara, saboda haka manjagarar ta Clovis ce.

Da ƙarfe tara na safe ya shigo ya sha kofi, wayarsa ta yi ƙara.

"Clovis, famfon naku hutu ya tafi ne?"

"Baba, ruwan ya kai ina?"

"Idon sawu, a kicin. Ya tafi min da silifa ƙafa ɗaya."

"Ai jiya na ce ka bi Verna. Har ƙofar gida ta zo da mota, tana kuka."

"In zauna awa goma sha biyu a mota da mijin ƙanwarka yana ba ni labarin hawan jininsa? Gara guguwar."

"Baba, shekararka tamanin da ɗaya."

"Na gode da ka tuna min. Je ka yi aikin da ake biyanka."

Wajen sha ɗaya teku ta haure ganuwa ta kudu. Ba su gani ba, don ba a ganin komai sai farin ruwa yana tafiya a kwance, amma sandar awo da ke jikin bangon tashar ta gaya musu. Clovis ya san lambobinta kamar lambar gidansu. Ƙafa biyar, dokin ƙofar ubansa. Sha uku, silin. Cikin awa ɗaya ruwan ya tashi daga biyar da rabi zuwa takwas.

Wayar ta sake ƙara. Ya shiga bayi ya rufe ƙofa don ya ji.

"Zan hau sama," in ji tsohon, yana haki.

A nan ne Clovis ya tuna. Gatarin yana motarsa.

"Baba, kar ka hau."

"Ruwa a cibiyata ka ce kar in hau? Iyo zan yi a falo?"

"Ka hau tebur. Ka hau kan firij. Baba, saurare ni."

Ya ji ƙarar tsani, ya ji nishin gwiwoyin da suka shekara shida ba su taka shi ba. Sai ƙarar tocila.

"Clovis."

"Na'am, Baba."

"Ƙusoshin nan biyu suna nan daram. Abin da ke rataye a kansu ne ban gani ba."

"Yana motata. Na kai an sa masa ƙota."

Clovis ya duba ko wayar ta yanke.

"To," in ji Numa. "Ka gaishe min da shi."

Minti goma bayan nan layin ya ɗauke gaba ɗaya. Clovis ya kira ofishin agaji ta oba-oba. Wata mata mai muryar da ta kwana ba ta yi barci ba ta ce babu mai fita sai iska ta sauka, ta ce a gaya wa tsohon ya hau wuri mafi tudu a gidan.

"Ya hau," in ji Clovis. "Matsalar ke nan."

Ya koma kan dandamali. Duk abin da garin ya mallaka ya biyo ruwa ya zo gaida shi: katifa, kujerun roba, ƙofar firij, rassan itace, wani kare da ya riga ya huta. Yana janyowa yana jefarwa, iska na ɗaga shi tana buga shi da ƙarfen dandamali, igiyar na yanka masa ƙugu. Sandar awo ta kai tara. Tara da rabi. Ya yi addu'o'in da bai yi ba tun jana'izar uwarsa, ya manta rabin kalmomin, ya cike gurbin da zagi. Goma.

Da ya shigo shan ruwa hannayensa ba sa iya riƙe kofi. Wardell ya riƙe masa, ya yi masa lissafin da ya riga ya yi da kansa sau ɗari.

"Da injunan nan uku, rabin ƙafa a awa. Ka ga silin sai wajen awa shida. Ƙila guguwar ta wuce kafin nan."

"Ƙila."

"In ba su, ƙafa ɗaya da rabi. Awa biyu an gama."

"Na sani."

"Kuma ba tsohonka kaɗai ne mai taurin kai a unguwar ba. Ni na san gida bakwai da mutane a ciki."

"Su ai suna da gatarinsu!" Clovis ya faɗa da tsawa, sannan ya ji abin da ya faɗa.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin iskar ta tsaya, kamar an rufe mata ƙofa. Rana ta fito. Idon guguwar ne ya zo kansu, shuɗin sama zagaye, bangon gajimare baƙi ƙirin ta kowane gefe. Tsuntsayen teku da ta kwaso suka sauko suka jeru a kan rufin tashar, a gajiye. Sandar awo tana goma da rabi.

Wardell ya leƙa waje, ya tofar da yawu. "Minti arba'in, in ta yi mana kirki. Abin da ke bayanta ya fi na gabanta." Ya share hannu a wando. "Ni ban ce ka tafi ba, mutumina, ban ce ka zauna ba. Bayi zan shiga. Ka san kuma ni nakan daɗe."

"Ragar fa?"

"Ina da hannun hagu. Ban taɓa amfani da shi ba, sabo ne ful."

Su biyun sun san hannun hagu ba zai yi rabin awa ba. Clovis ya ɗauki oba-oba ɗaya ya ƙulle a leda. Motar tana kan ganuwa, gilashinta ya fashe, gatarin yana kwance bayan kujera ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ya sauke kwalekwalen tashar mai inji ya bi tituna, yana gane su da kawunan allunan sunayensu. Ya wuce coci, ya wuce shagon da ake sayar da ƙanƙara ga masu kamun jatan lande. Wata mata a tagar bene ta ɗaga masa hannu biyu. Ya yi kamar yana duba inji.

Ruwan ya shanye tagogin gidansu, saura kaɗan ya taɓa bakin rufi. Ya ɗaure kwalekwalen a bututun hayaƙi, ya hau, ya buga da ƙotar gatari. Ba amsa. Ya sake bugawa, yana kiran Baba da muryar da bai san yana da ita ba. Can sai ya ji ƙwanƙwasa uku daga ciki, a hankali, irin ta mai gida da aka tashe shi.

"Matsa gefen titi! Zan sare!"

Nan ya gano abin da al'adar ba ta faɗa. Sau uku Numa ya sake rufin gidan nan a rayuwarsa, kuma sau ukun, kamar kowa a unguwar, bai ɓata lokacin ɓanɓare tsohon ba, sai ya shimfiɗa sabbin fale-falen kwalta a kan na da. Hawa huɗu, sun narke sun zama abu ɗaya. Gatarin yana shiga ya liƙe, sai ya taka da ƙafa ya fizge. Ko da yana rataye a ƙusoshinsa, tsoho mai shekara tamanin da ɗaya, a durƙushe, yana sara sama, da ba zai huda shi ba. Wannan bai sanyaya wa Clovis rai ba. Ya ci gaba da sara, fatar tafin hannunsa tana saɓulewa.

Yana cikin saran ya ji wani abu ya ragu a duniya. Gurnanin nan na tashar, wanda ake ji daga ko'ina a garin har kunne ya daina lura da shi, ya koma na inji biyu. Sannan ɗaya. Sannan babu.

Ramin ya kai faɗin kafaɗa lokacin da bangon gajimaren ya iso. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya. Iskar farko ta ɗaga kwalekwalen ta tsinke igiyar, ta yi gaba da shi kamar faifai. Clovis ya jefa gatarin cikin ramin ya bi shi.

Numa yana zaune a kan akwatin kayan Kirsimeti, da singileti da gajeren wando, carbinsa a wuya, leɓunansa sun yi shuɗi. Ya haska ɗansa da tocila, ya haska ramin.

"A tsakiyar rufi ka huda. Ba ka ga gefe ba?"

Clovis ya rungume shi. Tsohon ya bari, na ɗan lokaci.

"Wa ke kan famfo?"

"Ba kowa, Baba."

Numa ya kashe tocilar don kada batir ya ƙare.

Bayan awa ɗaya da rabi ruwan ya ɓullo ta ƙofar silin, baƙi, mai warin man fetur. Fita ba ta yiwuwa, iskar za ta share su daga kan rufi. Suka tsaya a kan katakan silin, kai a sunkuye, kusa da ramin, ruwan sama na dukansu ta sama, na teku na hawa ta ƙasa. Idon sawu. Gwiwa. Gidan yana motsi a kan tushensa. Ƙafafun tsohon suka daina ɗaukarsa, Clovis ya saƙalo shi ta hammata ya riƙe, yana jin bugun zuciyarsa a jikin hannunsa, wani lokaci yana ɓata ya dawo. Da ruwan ya kai ƙugu Numa ya ce masa, in abin ya zo, ya sake shi ya fita. Clovis ya ce ya yi shiru. Wannan ne karo na farko da ya ce wa ubansa ya yi shiru, kuma tsohon ya yi.

Wajen biyar da rabi iskar ta fara gajiya. Clovis ya tura shi ta ramin, ya fito bayansa, suka kwanta a kan rufi, bututun hayaƙi na kare su. Ya kwance ledar oba-oba.

"Wardell?"

Ƙara, sannan murya. "Ina kan ƙugiyar ɗaga kaya, a saman injuna, ina cin wake da hannu. Ka same shi?"

"Ga shi nan."

"Ka gaya masa ya ci min kafaɗa ta biyu."

Garin ya zama tafki mai rufuna. Clovis ya miƙe, ya dafa bututun, ya fara duba gidajen da Wardell ya ambata. Can mutum biyu a kan rufi da farin zane. Can wani da kare. Matar benen tana nan a tagarta. Ya ƙirga shida. Na bakwai shi ne na ƙetaren titi, gidan maƙwabcinsu Theriot da matarsa, rufinsa a rufe ruf, ba ko tsaga.

"Suna ciki," in ji Numa, haƙoransa na haɗuwa. "Da safe na ga hayaƙin sigarinsa a baranda. Shi ma hawa huɗu ne, tare muka yi."

Clovis ya kira sunan mutumin har muryarsa ta dushe. Tsakanin rufin biyu taku talatin ne, ruwan yana gudu, da katakai a ciki. Ya kalli hannayensa. Ya cire rigarsa ya lulluɓa wa tsohon, ya sa masa oba-oba a cinya, ya ɗaure shi da guntun igiyar a jikin bututun.

"Ka sare ta gefe," in ji Numa. "Ta gefe ya fi laushi."

Clovis ya soke gatarin a bel ta baya, ya zauna a bakin rufi, ya fara kwance takalmansa.