Hoton da Ofis Ya Nema

Tamimu ya sake danna saƙon a karo na uku, yana tsaye a layin ban-ɗaki da buta a hannu, ruwan da ya malalo ta ƙarƙashin ƙofa yana lasar silifas ɗinsa. Muryar 'yarsa Safiyya ce daga gida.

"Baba, na kai takardun ofishin nan da ke tallafa wa waɗanda suka dawo daga aiki a waje. Malam Sha'aban mai karɓar sunaye ya dawo mini da su. Wai tallafin na marasa aiki ne, ba na manyan Alhazan Riyad ba. Ya ce duk garin nan an san ka da farar mota, shi ma yana ganin hotunanka a waya. Sai da na yi ta roƙo ya ce to, in da gaske ne, a kawo hotonka a inda kake kwana kafin a rufe ranar Alhamis. Baba, wai me ya sami kamfanin naku ne?"

Yau Talata. Saura kwana tara jirginsa ya tashi, an riga an buga masa bizar fita ta ƙarshe. Rumbun kajin ƙanƙara da ya yi wa aiki a unguwar Sulay ta Riyad ya rufe wata biyu da suka wuce, kafil ɗinsu, wato ubangidan da ya kawo su ƙasar, ya daina ɗaga waya, abin da Tamimu zai sauka da shi a gida kuwa bai wuce jaka ɗaya da kwalin dabino ba. Tallafin nan na wata shida ne, abin da za a ɗora tukunya da shi kafin mutum ya sami abin yi. In ya kuɓuce masa, bai san da wane ido zai dubi matarsa Hajjo ba.

Abin haushin shi ne, Malam Sha'aban bai yi ƙarya ba. Shekara bakwai rabon Tamimu da gida, kuma duk Sallah sai ya je unguwar Shumaisi wurin Yacouba mai hoto, mutumin Maradi. Yacouba ya ba shi aron farar jallabiya da baƙin tabarau, ya jingina shi da motar wani likita da ke ajiye ta a bayan shagon, ya ɗauka. Daga nan ya zauna gaban kwamfuta ya cika masa kumatu, ya mayar da furfura baƙi, ya goge masa fata har ta yi sheƙi. Kiran bidiyo kuwa Tamimu bai taɓa yarda da shi ba, kullum sai ya ce sabis ba kyau. A gida an san shi mai kula da ma'aikata goma sha biyu ne, har da mai yi masa shara da wanki. Aikinsa na gaskiya shi ne tsince kajin da suka lalace da wanke magudanar da jininsu ke bi.

Da layi ya zo kansa ya tura ƙofar, ya ga abin da na gabansa ya bari, ya ja ta ya rufe. Ya fasa. Ya yi alwala a famfon waje ya tafi neman bas.

A hanya ya tsara abin da zai ce. Hoto yake so na tsaka-tsaki, na talaka mai mutunci. Bango fari, riga mai tsabta, ɗan gado a gyare. Abin da zai gamsar da Malam Sha'aban ba tare da ya tsinka zuciyar Safiyya ba. In akwai mai iya wannan aikin, Yacouba ne.

Ya tarar da shagon a cike. Jallabiyoyin haya suna can an tura su lungu, a wurinsu an rataye yagaggun kayan aiki masu dabbaren mai da siminti. A kan kujera Alhaji Basiru ne zaune, mai shagunan sayar da waya biyu a kasuwar Batha, mutumin da motarsa tasa ce ta gaske. Ya cusa tumbinsa cikin wata riga da ta ƙi rufuwa, Yacouba na shafa masa toka a goshi da ɗan soso.

"Ka sassauta fuska, Alhaji," in ji Yacouba. "Ka yi kamar ba ka ci komai ba tun jiya. A'a, wannan kamar ka ƙoshi ne kana neman wurin kwanciya."

Masu jira suka kwashe da dariya. Alhaji Basiru ma ya yi, tumbin na rawa.

"Alhaji, kai ma gida za ka?" Tamimu ya tambaya.

"Gida? In yi me?" Ya zare agogonsa ya miƙa wa na kusa da shi. "Hutu zan je na wata ɗaya, in sa hannu a tallafin in dawo. Ƙanina zai riƙa karɓa. Abin gwamnati ne, Malam Tamimu, ba na uban kowa ba. In ba ka ci ba wani zai ci."

Tamimu ya dube shi. Ya so ya tofar da yawu, ya rasa inda zai tofa, ya haɗiye. Ga ƙaton mutum mai 'ya'ya a makarantar kuɗi yana hayar tsumma, ana yi masa kwalliyar yunwa, kuma ba wanda ya ga abin kunya a ciki. Amma da ya ɗaga kai ya hango jallabiyar da ya saba sawa a lungu, mai ɗan zare ja a wuya, sai ya kawar da ido. Shi ma a kan kujerar nan ya zauna shekara bakwai.

Yacouba ya ja shi gefe ya saurare shi, yana kaɗa kai tun kafin ya gama.

"Tsaka-tsaki? Walla ba ya wucewa. Mutum huɗu na yi ma irin wanga, duka an maido musu dosiye, takardunsu kaf. Mutanen can so suke su gani su ce wayyo." Ya dubi Tamimu daga hula har silifas, irin kallon da mahauci ke yi wa rago. "Tsaya. Kai ba a gidan ma'aikatan kajin nan kake ba, na Sulay? Wanda aka yanke ma wuta?"

"Nan nake."

"Allahu akbar! Kai, ni nan bangona ya ƙone, duk hotunan iri guda suke fitowa, sun fara ganewa. Ka kai mu ɗakinka, in yi ma Alhaji da mutum guda, naka kuma kyauta. Yalla, ga mota."

Tamimu ya buɗe baki zai ce a'a, ya tuna gilashin kyamarar wayarsa ya tsage tun bara, ba ta ɗaukar hoton da ofis zai karɓa, ya tuna Alhamis. Haka ya shiga bayan motar Alhaji Basiru, sanyin na'ura na dukan fuskarsa, ƙamshin turaren oud ya cika masa hanci, mai motar na tuƙi cikin yagaggiyar riga.

Tun daga bakin titi warin ya tare su. Da aka yanke wutar rumbun ba wanda ya zo ya kwashe kajin da suka rage, kuma ana cikin watan da rana ke narka kwalta. Alhaji Basiru ya toshe hanci da hankici yana salati. Yacouba kuwa murna ta kama shi.

Ɗaki na sha huɗu gadaje takwas ne na ƙarfe, huɗu a kan huɗu. Abokan kwanan duk sun fita neman aikin yini. Tamimu ya tsaya a bakin ƙofa, sai ya ga ɗakin kamar yau ya fara ganinsa. Bangon da ke kusa da gadonsa duk zane-zanen jini ne, inda ya yi shekaru yana murƙushe kuɗin cizo da yatsa. Katifar ta yi baƙi a tsakiya daidai siffar bayansa. Tukunyar shinkafar jiya tana ƙarƙashin gado, kyankyasai biyu na kai da kawo a bakinta ba tare da sun damu da baƙi ba. Ga igiyar shanya da gajerun wanduna, ga bokitin da a da yake tare ɗigon na'urar sanyin da ta mutu, ruwansa ya yi kore.

"Mashallah," in ji Yacouba a hankali. "Kar a taɓa komai."

Alhaji Basiru ya shimfiɗa jarida a kan katifar Tamimu kafin ya zauna. Yacouba ya ce jaridar za ta fito a hoto, a cire. Ya cire, ya ɗosana mazaunai a gefe-gefe yana yamutsa fuska, wannan karon ba sai an koya masa ba.

"Haka! Haka nake so! Riƙe tukunyar nan, Alhaji."

Tamimu na tsaye yana kallon wani mutum riƙe da tukunyarsa, a kan gadonsa, yana aron rayuwarsa na minti biyar. Da aka gama Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe wando, ya ce, "Kai, Malam Tamimu, a nan kake kwana? Ai ko akuyata ba zan ɗaure a nan ba." Ya faɗa ne da tausayi, abin da ya fi ƙona ran Tamimu ke nan. Ya fita da sauri ya koma mota, na biyun ya zauna aka yi masa nasa, shi ma ya gudu.

"Saura kai," in ji Yacouba.

Tamimu ya jawo jakarsa ya fito da rigar da ya goge ya ajiye don ranar tafiya. Yacouba ya riƙe masa hannu.

"Mi za ka yi da wannan? Bar ta jikinka."

"Ba ka zo da kayan hayar ba ne? Ko tokar?"

Yacouba ya yi dariya, dariyar da ba mugunta a cikinta ko kaɗan. "Toka? Kai ba ka bukatar komai, ɗan'uwa. Zauna kawai yadda kake zama."

Ya zauna yadda yake zama. Wayar Yacouba ta yi ƙara sau ɗaya.

Bayan sun tafi hoton ya shigo wayarsa. Ya daɗe yana dubawa. Wani tsoho ne ramamme, gemu fari fat, wuya kamar na kazar da aka fige, idanu sun faɗa ciki, hannuwa sun yi fari-fari saboda ruwan sinadarin wanke magudana. Ba madubi a gidan, ɗan gilashin da yake aski da shi kuwa haɓa kawai yake nunawa. Ƙyama ta kama shi, ta ɗakin, ta Alhaji Basiru, ta Malam Sha'aban da sai ya ga tsiraicin mutum zai rubuta sunansa. Mafi yawanta kuma ta kansa ce.

Ya yi sallar la'asar. Ya zauna ya buɗe sunan Safiyya, ya rufe, ya sake buɗewa. Yarinyar da ya bari tana aji shida ce yanzu take yawon ofisoshi dominsa, tana roƙon wani ƙato a kan abin da ba ta san gaskiyarsa ba. Ya tura hoton ba tare da ya rubuta komai a ƙasa ba, ya kife wayar a kan katifa.

Ba a yi minti biyu ba ta yi ƙara. Saƙon murya ne, Safiyya na dariya, ana jin motsin kwanuka da muryar Hajjo a bayanta.

"Kai Baba! Hotonka fa aka ce, ba na mai yi maka shara ba. Ai Malam Sha'aban zai gane, ya san fuskarka. Umma ma ta gani, ta ce wai don Allah ka riƙa ba bawan Allahn nan abinci, kuma ka ji tsoron Allah ka canza masa ɗaki kafin ka taho. Turo naka da sauri in kai a wanke."

Tamimu ya saurara har ƙarshe. Ƙuda ya sauka a bayan hannunsa, bai kore shi ba. Ya fara rubutu, ya goge. Ya danna wurin ɗaukar murya, ya saki nan take.

Sai ya tashi ya buɗe taga don haske ya shigo, duk da warin da ya biyo shi. Ya koma ya zauna a kan katifar, daidai inda ya zauna ɗazu, ya cire hularsa ya ajiye a gefe. Ya danna kiran bidiyo, ya ɗaga wayar saitin fuskarsa.

Ta ɗauka a ƙara ta biyu. Fuskarta ta cika wayar, murmushin bai gama sauka ba.

"Safiyya," in ji shi. "Kira mini Ummanki, ku zauna."