Wanda Ke Shiga Aji Bayan Dogo

Shekara goma sha tara Mataimakin shugaban makaranta yana tsara jadawalin darussa da fensir da ƙatuwar takarda, kwana huɗu cur, ba mai yi masa magana. To, wannan zangon sai Shugabar makaranta ta zo da tabilet mai manhajar tsara aiki. Ta zuba sunayen malamai da azuzuwa, ta danna, kafin shayinsa ya huce jadawali ya fito.

"Baba, bana ka huta," in ji ta. "Ba darasin da ya ci karo da wani."

Ya ce madalla. A ransa kuwa ya san irin wannan hutun. Daga shi sai a ajiye mutum bakin ƙofa yana tare masu makara. Ya karɓi tabilet ɗin, ya nisanta shi da ido, ya bi layi-layi. Aikin ya yi kyau har ya ba shi haushi. Sai a Litinin, aji uku, ya ga lissafi, kimiyya na biye. Ya miƙa mata abinta.

Malamin lissafi, Dogo ake ce masa, sai ya sunkuya yake shiga aji, kuma daga ƙolin allo yake fara rubutu. Malamar kimiyya kuwa, in ta tsaya cikin 'yan aji uku sai an neme ta.

Ranar Litinin Mataimaki ya bi ta baranda kamar mai wucewa. Ya hango malamar da dasta a hannu tana ɗage, tana ɗan tsalle, rabin lissafin Dogo na can sama. Yara sun cusa kai a littattafai, kafaɗu na rawa.

Da aka fita hutu ta faɗo ofishin malamai.

"Dogo, kai silin kake koyarwa ko yara?"

"Yaya, inda hannuna ya kai nake rubutu. In kawo miki tsani?"

"Kawo, in hau in ja kunnenka."

Aka yi dariya har da ita, amma Mataimaki ya ga yadda ta yi jifa da dastar kan tebur.

Shugaba ta ja shi gefe. "Baba, shekara shida suna nan tare, ban taɓa jin wannan ba."

"Ai ban taɓa sa ta bayansa ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa a gaban mutane cewa malama ba ta kai allo?"

"Akwai irin haka da yawa?"

"Malamin tarihi ba a ba shi darasin farko, sai ya kai mahaifiyarsa asibiti an gasa mata ƙafa. Malamin wasanni da usur ɗinsa, ba a sa shi ƙarƙashin tagar masu karatu. In ci gaba?"

Sai ta buɗe masa wurin da manhajar ke karɓar sharaɗi: wane kada ya biyo wane. Ya shigar da sharaɗin da yatsa ɗaya, yana cije leɓe. Wani ɗan akwati ya fito, wai sai an rubuta dalili.

"Rubuta gaskiya mana," in ji Shugaba.

Ya dube ta ta saman tabarau, ya rubuta: Mataimaki ne ya ce.

Manhaja ta karɓa ba musu. Darussa suka yi 'yar musaya, kimiyya ta koma bayan Turanci. Shugaba ta miƙo hannu, bai saki tabilet ɗin ba.

"Dakata, ranki ya daɗe, saura sharaɗi sha ɗaya."

Ta janye hannun, ta ciro caja daga jaka ta ajiye masa.