Hannun Hagun Mushe Nomau

Mahaifina, Mushe Nomau, shi ya kafa ƙungiyar 'yan sikawut ta unguwarmu a Damagaram. Mushe muke ce wa malamin boko a nan. Ina yarinya na ga farkonta. Yara ne tsiraru daga lakwal ɗin da yake koyarwa, sai sandunan gora, sai zanen babata Shatu da ya yayyanka ya ɗaura musu a wuya. Ranar hutu ya tasa su a ƙasa har garin Dakusa, mutane suna cewa mushe ya zare.

Bana aka ce za a yi bikin ƙungiya, a raɗa mata sunan wanda ya kafa ta. Wai Alhaji Ɗanladi. Alhaji Ɗanladi fa, mai shagon atamfa, wanda bai san da ƙungiyar ba sai da ya fara sha'awar kujerar meri, wato shugabancin gari. Ya ɗinka wa yara kaki, shi ke nan ya zama uba.

Na ce, "Baba, kada ka je." Ya ce idan suka gan shi za su tuna.

Muka je, ina riƙe da shi saboda idonsa ya yi rauni. Alhaji yana zaune cikin rumfa, an ɗaura masa fular, ƙyallen wuyan 'yan sikawut, a kan babbar riga, tumbi ya ture ta gefe. Ya tashi ya ba da labarin wahalar da ya sha a daji da yaran farko. Mutumin da ko masallaci a mota yake zuwa. Aka yi ta tafi, har da waɗanda Baba ya koya wa kunna wuta.

Baba ya matsa gabansa, ya miƙa masa hannun hagu. Haka 'yan sikawut suke gaisawa tsakaninsu, shi ne abin da ake fara koya wa sabon shiga.

Alhaji ya ja da baya. "Ni za ka miƙa wa hagu, tsoho?"

Na juya ina jiran wani ya yi dariya, asiri ya tonu. Sai na ji yaran suna tsaki. Sabon shugabansu ya rusuna ya ce, "Alhaji a yi haƙuri, tsufa ne."

Takaici ya cika ni. Baba yana tsaye, hannunsa a miƙe, yana juya shi wajen layin masu kaki ko wani zai karɓa. Ni na kama shi, na ja shi muka tafi gida.