Tsiron Lemon Mama

Bishiyar lemon da marigayiya Mama ta shuka a tsakar gida ta bushe ƙayau. Abin da ya rage nata a duniya tsiro ɗaya ne tal, cikin kwalba, a ɗakin gwajin da Auta take aiki. Auta ce ta yanko shi kafin wata cuta ta gama da bishiyar. Wata biyu yana ta miƙewa siriri kamar tsinke, ko reshe babu, ganyen ƙasa har sun fara rawaya. Auta ta fi tsiron ramewa.

Ran nan Baba ya dage sai ya gani da idonsa. Mai lambu ne, shekara arba'in yana tsugune a gindin shuka. Aka sa masa farar riga, aka ɗaure masa takalmi da leda, yana ta mita. Ya leƙa kwalbar.

"Auta, tsinke masa kai."

"Baba, shi kaɗai fa ya rage!"

"Shi ya sa. Muddin kan nan yana sama, idanun gefe ba za su farka ba. Duk karatun naki, sai na koya miki?"

Ai Auta ta sani, tun a makaranta ta haddace: kan tsiro yana danne tohon gefe, sinadarin saitokinin da saiwa ke aikowa shi ke tashe su, ya sa ƙwayoyinsu su yi ta rabuwa. Tsiron kwalba kuwa ba shi da saiwa. Tsoro ne kawai ya ɗaure mata hannu.

Ta gasa wuƙa a wuta, ta danne zuciya ta yanke kan. Ta mayar da guntun kwalba, cikin sabon abincin tsiro da ta ƙara wa saitokinin. Kwana goma sha biyu ko motsi. A na sha uku sai ga toho sun ɓullo, kore shar.

Ta kira Baba, ya zo da sauri ko hula babu. Ya tarar shugabar ɗakin ta tara ma'aikata tana yabon Auta. Alfahari ya cika Auta har wuya, ta ɗaga hannun Baba mai kaushi da faso, ta ce, "Ga wanda ya ba da umarnin."

Baba bai ko kalle su ba. Ya manna goshi a jikin kwalbar yana bin tohon da yatsa.

"Shida," ya ce. "Ku ma shida Mamanku ta haifa. Kowa zai samu nasa."