Gwiwar Eladio da Taraktoci Biyu

Tun ranar da likita ya ɗaga hoton gwiwar mijina Eladio ya girgiza kai, ba mu sake samun zaman lafiya a gidan nan ba. Gwiwar hagu ce, wadda yake taka kuloci da ita. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ko cikin hazo na san takunsa, amma bara sai ya fara jan ƙafar kamar aro ya yi. Ana cikin haka tsohuwar taraktarmu ta mutu a bakin garke, makanike ya ce mu daina wahalar da kanmu.

Ɗanmu Geovanny ya zo daga birnin Alajuela ranar Lahadi bayan coci. Ya cinye shinkafa da wakena tas, ya goge baki, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Baba, zan sa hannu a sayi sabuwa. Amma in ka kasa tuƙa ta, a sayar da shanun nan ku dawo wurina. Na gyara muku ɗakin baya."

Ɗakin baya! Na ga ɗakin da idona, tagarsa bangon maƙwabci take kallo. Ni Zeneida, da aka haifa a tudun Zarcero, in je in zauna ina kallon bango? Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne yaron bai yi ƙarya ba. Shanu goma sha bakwai gare mu. In ba tarakta, ba mai kwashe kashinsu, ba mai hauro da ciyawa daga gangare, ni kuwa baro ya riga ya gama da bayana.

Muka je shagon taraktoci ranar Talata. Wadda ta tarbe mu Yorleny ce, ɗiyar mai gidan burodin kusa da coci, ta san injin fiye da maza goma. Ta nuna mana ƙanana guda biyu, kowace da cokalin ɗiba a gaba.

"Baba Eladio, wannan mai sanda ce. Ga sandar nan a gefen sitiyari, ka tura ta ka yi gaba, ka jawo ta ka yi baya, amma kowane juyi sai ka taka kuloci. Wajen jan garma ba ta da wasa, kuma ba ta shan mai sosai. Wannan kuwa ba ta da kuloci sam. Feda biyu ne a ƙarƙashin ƙafar dama, ɗaya gaba, ɗaya baya. Ka ɗaga ƙafa ta tsaya. In noma mai nauyi za ka yi, waccan ta fi ta. In aikin garke ne, wannan ta fi."

Ta faɗi wani dogon suna da ya fi ƙarfin bakina. Ni dai mai feda nake ce mata har yau.

Eladio ko kallon mai fedar bai yi ba. Ya dafa mai sanda ya ce, "Wannan."

Na san inda ya samo wannan taurin kan. Yayana Belisario mai sanda gare shi, kuma bakinsa ba ya gajiya da tsokanar Eladio. Da yamma ya leƙo shan ruwan mazarƙwaila, ya ji labari, ya fashe da dariya.

"Suruki, mai feda? Ai wannan ta masu otal ce, su aske ciyawar bakin ƙofa. Ka saya sai mu ɗinka maka hular fulawa."

"Yaya, in ka gama sha ga hanya," na ce.

"Suruki, ka ji ta ko? Tun tana yarinya haka take."

Washegari da safe na cika aljihun rigata da wake na tafi gonar Belisario. Na zauna a kan bokiti ina kallonsa yana share garke da taraktarsa. Gaba, ya ɗiba, baya, ya juya, gaba, ya zubar. Duk lokacin da ƙafarsa ta hagu ta sauka sai in mayar da ƙwayar wake ɗaya ɗayan aljihun. Ya ɗauka na zo koyon aiki ne, har da ƙara gyara zama.

Na dawo gida na zazzage waken a gaban Eladio yana shan kofi.

"Tamanin da shida, tsoho. Aikin safe kawai. Gwiwar wa za ta yi wannan?"

Ya dubi waken, ya dube ni.

"Ki dafa su, tsohuwa, kada su lalace."

Allah na gani, da tukunya na kusa da hannuna da wani labarin ake yi.

Yorleny ce ta kawo mafita. Ta ce ranar Asabar za ta ɗoro duka biyun a mota ta kawo gona a gwada su a kan aikin gaske. Ka san mutanenmu, ba a gayyaci kowa ba amma kafin ƙarfe tara shinge ya cika da huluna. Geovanny ya tsaya a gefe ya naɗe hannu. Belisario ya samu kututture mafi kyau ya zauna.

Eladio ya hau mai sanda. Juyi na farko lafiya, na biyu lafiya, har Belisario yana tafi. Ni fuskarsa nake kallo. Ana sanyin da numfashi ke fita kamar hayaƙi, amma gumi na bin wuyansa. A juyi na goma sha ɗaya ƙafar ta ƙi sauka har ƙasa. Giya ta yi ƙara ƙararrr, taraktar ta yi tsalle ta mutu, cokali cike da kashin shanu a sama.

Eladio ya sauko a hankali yana riƙe da ƙarfe.

"Kujerar ce ba ta da kyau," ya ce, ya zagaya bayan ɗakin madara.

Na bi shi. Na same shi zaune a kan buhun dusa ya kama gwiwar da hannu biyu. Na shirya masifa tun daga shinge, amma da na ga idonsa sai na sassauta murya na ce:

"Tashi ka gwada ɗayar."

"A'a."

"Saboda bakin Belisario? Mutumin da matarsa ke yanka masa nama a faranti?"

"Ina ruwana da Belisario." Ya shafa gwiwar ya ce, "Zeneida, in na kasa wannan, sai a ce ai mai wuya ce. In na hau mai sauƙin na kasa fa? Babu ta uku."

Ashe tsoro ne. Tun ranar Talata nake zagin taurin kai, ashe mutumin tsoro ke cin sa. Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba, don na san shi, da ya ga hawaye shi ke nan.

"To zauna nan. Ni zan hau. In Yorleny ta koya min, kai sai ka riƙa dafa kofi."

Ya harare ni. Ya miƙe.

Yorleny ta nuna masa fedar sau ɗaya ta ja da baya. Injin ya tashi da wani ɗan kuka siriri. Ya taka, ta tafi. Ya taka ɗayar, ta dawo. Ƙafar hagu na zaune abinta kamar baƙuwa. Ya ɗebi cokali ɗaya, biyu, biyar, goma, na ga kafaɗunsa sun sauka. Kafin a ce me ya share rabin garke, har ya fara jin kansa. Maimakon ya tsaya nan, sai ya karya kan taraktar ya nufi ƙofar gangare, wai zai nuna mana hawan tudu.

Cikin masu kallo wani ya bar ƙyauren wurin kiwo a buɗe. Canela, saniyarmu ja mai tsohon ciki, ta fito tana tafiyarta ta isa, ta tsaya daidai tsakiyar ƙofar.

Na ga ƙafar Eladio ta hagu tana laluben kuloci. Babu. Ta sake lalube. Babu. Na ji Geovanny ya yi ihu, "Birki, Baba, birki!"

Ina! Eladio ya manta da birki, ya manta da Yorleny, ya manta da shekara talatin da ya yi yana tuƙi. Kafin tarakta ta zo tudun nan da amalanken shanu ya yi ta jigilar itace, yana gaba bijimai na bin sa. Abin da jikinsa ya tuna ke nan. Ya zabura ya miƙe, ya ɗaga hannun dama sama kamar yana riƙe da tsinken kora, ya kurma irin tsawar da ake tsayar da bijimai.

"Eeesa!"

Da ya miƙe, ƙafarsa ta bar feda. Taraktar ta tsaya cak. Tsakanin cokali da cikin Canela bai fi taƙi biyu ba. Ita kuwa ta shinshina ƙarfen, ta kaɗa wutsiya, ta wuce.

Can sai wani tsoho a bakin shinge ya ce, "Kai! Wannan tana jin magana!" Wurin ya ɓarke da dariya, har da masu riƙe ciki. Belisario ya cire hula yana share ido.

"Suruki, tawa shekara shida ina zaginta ba ta taɓa amsa min ba."

"Halin mai ita ta ɗauko," in ji Eladio.

Yorleny ta zo ta ɗora ƙafarsa a kan birki da hannunta. "Baba Eladio, wannan ma yana nan fa. A gangare da shi za ka yi magana." Ya ce ya ji. Ya sauka gangaren a hankali, ya cika cokali da ciyawa, ya hauro, Geovanny na biye da shi a ƙasa yana kallon ƙafafunsa. Da suka iso yaron ya zo kusa da ni ya ce, "Mama, ya iya." Na ce na gani, ba makauniya ba ce ni. Wata irin ajiyar zuciya na yi wadda tun ranar likita take maƙale a ƙirjina.

Aka mayar da mai sanda kan mota, mutane suka watse. Na kawo masa kofi da gurasar masara da cuku a nan kan kujerar, don ya ƙi saukowa. Ya kurɓa, yana kallon shanun.

"Tsohuwa, ki kira mai yi wa shanu allurar ɗaukar ciki ya zo ranar Litinin."

"Ba ka ce ya zo tun Janairu ba?"

Ya juya kofin a hannunsa.

"Na ce masa kada ya zo. Guda huɗu na bari haka nan. Na ga me zai sa su ɗauki cikin da ba mu za mu karɓi haihuwarsa ba."

Na tsaya da faranti a hannu ina kallonsa. Wata biyar yana kwana kusa da ni da wannan a ransa, ni ko labari.

"Ranar Litinin ta yi nisa," na ce. "Yanzu zan kira shi."